Gubar Dalma a Zamfara: Tarihin Yadda Aka Yi wa Tsakar Gida Magani

Idan aka ce injiniya, abin da kan fara faɗo wa Bahaushe a rai shi ne mai gina gada, ko mai shimfiɗa titi, ko kuwa wanda ake kira in injin ya ƙi tashi. Amma akwai wani reshe na wannan sana'a wanda ba a cika jin labarinsa ba, watau injiniyan muhalli. Aikinsa shi ne ya auna ƙasa da ruwa da iska da ƙurar da ke cikin gidajen mutane, ya gano abin da ke cutar da mazauna wurin, sa'an nan ya tsara hanyar kawar da shi. Za a iya cewa jikan duba-gari ne, wanda tun zamanin Turawa yake shiga gida yana leƙa randa da masai da kwata. Bambancinsu shi ne, duba-gari yana neman ƙazantar da ido ke gani ko hanci ke ji, shi kuwa wannan sau da yawa abin da yake nema ba shi da wari, ba shi da launi, kuma gidan da yake ciki yana iya zama sharre tsaf.

A cikin wannan maƙala za mu duba wani al'amari da ya faru a ƙasar Hausa, a Jihar Zamfara, daga shekarar 2010, wanda ya nuna matsayin wannan sana'a ƙarara. A nan ne likitoci suka zo da maganinsu a hannu, amma suka ce ba zai yi amfani ba sai an fara yi wa ƙasar tsakar gida magani.

Zinariya da abokiyar tafiyarta

Haƙar zinariya ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun zamanin mulkin mallaka ake haƙarta a Arewa, ta bunƙasa a shekarun 1930, ta ja da baya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan sai ta zama sana'ar rani ta tsirarun manoma. Abin da ya sauya al'amarin shi ne farashi. A farkon shekarun 2000 oza ɗaya ta zinariya ba ta kai dala 300 ba a kasuwar duniya, amma a 2010 ta haura dala 1,200. Manomin da ke noma gero da dawa sau ɗaya a shekara, ya ga dutsen da ke bayan garinsu yana iya ba shi a mako abin da gona ba ta ba shi a wata, ai ba sai an yi masa wa'azin ya ɗauki diga ba.

Ga yadda aikin yake. A haƙo dutse daga rami, a zuba a buhu, a kawo gari. A farfasa shi da guduma ko a daka a turmi, sa'an nan a kai injin niƙa, irin wanda ake niƙa hatsi da shi, ya mai da shi gari. Sai a wanke garin da ruwa, nauyin ya kwanta, a zuba zaiba ta tattara zinariyar, a ƙona zaibar ta tashi, zinariya ta rage. Saboda dutsen dukiya ne, ba a barinsa a daji inda wani zai ɗauke. Cikin gida ake shigo da shi, kuma mata suna da hannu a aikin, domin daka da shanya ayyukansu ne tun fil azal. A tsakar gidan da ake shanya tsaba, nan aka riƙa shanya garin dutse.

Abin da mutanen ba su sani ba shi ne, jijiyar dutsen da suka faɗa wa a wajen wannan lokaci cike take da dalma, watau ƙarfen nan mai nauyi da laushi wanda ke cikin batirin mota, wanda kuma masunta ke ɗaura wa bakin taru. Ma'adinin da ke ɗauke da ita ma ba baƙo ba ne gare mu, domin dangin dutsen nan ne mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, abin da ya sa likitoci ke gargaɗi game da ranbaɗa wa jarirai tozalin gargajiya. Daga baya masana duwatsu na hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun gano wani abin da ya ƙara wa lamarin muni. Ruwa da iska sun daɗe suna cin dutsen na Zamfara, har dalmar da ke cikinsa ta rikiɗe zuwa wani nau'i mai saurin narkewa a cikin ruwan tumbi. Ga shi kuma injin ya mai da ita ƙura mai laushi. Yaro mai rarrafe, wanda komai ya taɓa sai ya kai baki, shi ne ya fi kowa haɗiyarta, kuma hanjinsa ya fi na babba zuƙe ta nesa ba kusa ba.

Watan Maris na 2010

Ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières, wadda aka fi sani da MSF, tana yawon sa ido a kan cutar sanƙarau, kamar yadda aka saba a lokacin zafi, sai ta sami labarin cewa yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Ƙananan Hukumomin Anka da Bukkuyum. Alamomin su ne amai, da ciwon ciki, da kasala, sa'an nan taune-taune, sai mutuwa. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba da na sanƙarau, ba abin da ya sauya. Mutanen ƙauyukan sun kuma ba da labarin cewa agwaginsu sun ƙare tun kafin yara su fara faɗuwa, amma a lokacin ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Da likitocin suka lura da injinan niƙa dutse a cikin gari, sai suka ɗebi jinin wasu yara suka aika Turai. Sakamako ya dawo da sunan dalma.

A nan ya kamata mai karatu ya san ma'aunin, domin in ba shi ba, alkaluman da za su biyo baya ba za su yi masa ma'ana ba. Ana auna dalmar jini da mikrogiram a cikin kowane desilita ɗaya na jini. A wancan lokaci, in awon yaro ya kai 10, hukumomin lafiya na Amurka kan ce a tashi tsaye. In ya kai 45, sai magani. In ya kai 70, rai na cikin haɗari. A yau kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi, komai ƙanƙantarsa, da za a ce ba ya cutar da yaro.

A watan Mayu na 2010 ma'aikatan cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Nijeriya, suka bi gida gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani. Suka tarar cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Yawancinsu sun yi taune-taune kafin su cika. Daga cikin yara 204 da aka auna jininsu, babu ko ɗaya da ya tsira daga gubar, kuma kashi 97 cikin 100 sun kai awon 45 ko sun wuce. 'Yar na'urar da ake auna jinin da ita a ƙauye iyakarta 65, saboda haka sau da yawa ba ta nuna lamba, sai dai ta nuna cewa abin ya wuce saninta. Daga baya an sami yaron da awonsa ya haura 700. Kusan gida biyu cikin uku na waɗanda aka bincika ana sarrafa dutsen a cikinsu. A watan Yuni gwamnati ta sanar da mutuwar mutum 163, 111 daga cikinsu yara ne. Kafin abin ya lafa, ƙiyasin yaran da suka rasu ya kai 400 ko fiye.

Inda likita ya tsaya

Akwai maganin gubar dalma. Ƙwaya ce da ake kira DMSA, wadda ke kama dalmar da ke yawo a jini ta fitar da ita ta fitsari. MSF ta buɗe ɗakunan jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, aka riƙa kwaso yara da iyayensu mata ana ba su. Amma matsalar a fili take. Yaron da aka wanke wa jini, in aka mai da shi tsakar gidan da ya kwaso gubar, ya zauna a daɓen nan, ya ci tuwo da hannun nan, to an yi aikin baban giwa. Bugu da ƙari, likitoci na tsoron cewa ba da maganin alhali yaro na ci gaba da haɗiyar dalma yana iya zama cutarwa. Saboda haka MSF ta kafa ƙa'ida mai ɗaci: ba za ta buɗe jinya a ƙauye ba sai an tsabtace ƙauyen. A ganina wannan ita ce gaɓar da tarihin ya juya, domin daga nan rayuwar yaran ta koma hannun masu awon ƙasa.

Waɗanda aka kira su ne wani kamfanin injiniyoyin muhalli mai suna TerraGraphics, daga Jihar Aidaho ta Amurka, tare da wata ƙungiya mai suna Blacksmith Institute. Mai karatu zai ce me ya haɗa Aidaho da Anka? Dalma ce ta haɗa su. A wani kwari na Aidaho akwai tsohuwar masana'antar narka dalma ta Bunker Hill. A 1973 gobara ta lalata matatar da ke tare ƙurar hayaƙinta, aka ci gaba da aiki haka nan, ƙurar ta sauka a kan gidajen ma'aikata, kuma a 1974 aka tarar da jinin yaran unguwannin da ke kusa cike da dalma. An rufe masana'antar a 1981, gwamnatin Amurka ta sa wurin cikin jerin wuraren da tilas a tsabtace a 1983. Ian von Lindern da Margrit von Braun, waɗanda suka kafa TerraGraphics, sun shafe shekaru masu yawa a kan wannan aiki, ana kwashe ƙasar farfajiyar gidaje ɗaya bayan ɗaya ana zuba sabuwa, ana kuma auna jinin yara kowace shekara don a ga ko aikin na ci. Wannan ilmin ne suka ɗauko suka zo da shi Zamfara. Sai dai a can akwai motocin haƙa da kuɗin gwamnati mai yawa, a nan kuwa akwai katangar laka, da ƙofar zaure da ko amalanke ba ya shiga, da damina na tafe.

Aikin kansa

Matakin farko shi ne awo. Suna da wata na'ura ta hannu mai kama da ƙaramar bindiga, wadda in an ɗora bakinta a ƙasa takan harba haske irin na hoton ƙashi, cikin ɗan lokaci ta faɗi yawan dalmar wurin. A lokacin, ƙa'idar Amurka ga wurin wasan yara ita ce kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wuraren niƙa na Zamfara an sami fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, watau kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce. Aka zana taswirar kowane gida, ɗaki ɗaki, da madafa, da gindin turmi, da bakin rijiya, aka rubuta awon kowane lungu.

Sa'an nan sai kwasa. Da yake dalmar daga sama ta sauka, ba ta nutse ƙwarai ba, sai aka tsai da cewa a kankare kimanin santimita 5 na saman ƙasa a inda awo ya yi yawa, a sake aunawa, in bai sauka ba a ƙara kankarewa, sa'an nan a kawo ƙasa mai tsabta, wadda ita ma an auna ta, a shimfiɗa. Da me aka yi kankarar? Da fartanya da shebur da baro da buhu, kuma da hannun mutanen ƙauyukan kansu, waɗanda aka ɗauka aiki aka koya musu, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara. Ana fitar da kayan ɗaki duka, a share, a goge, a wanke abin da ke wankuwa. Ƙasar da aka kwashe kuwa a kai ta manyan ramukan da aka haƙa a bayan gari don wannan aiki, a binne.

Abin da ya fi jan hankalina a cikin labarin shi ne yadda binciken ya riƙa bin sawun dalmar cikin al'amuran yau da kullum na gidan Bahaushe. Kududdufin da aka haƙa don yin tubali, a nan aka wanke garin dutse, saboda haka ruwansa da lakarsa sun gurɓata, har da tubalin da aka yi da ita. Turmin da aka daka dutse, a cikinsa aka surfa gero. Injin da ya niƙa dutse da safe, wani lokaci shi ya niƙa dawa da yamma. Buhun da ya ɗauko dutse ya koma buhun hatsi ko shimfiɗar zama. Binciken da aka yi kan abinci ya nuna cewa yawancin dalmar da ke cikin hatsi ba daga gona ta fito ba, a wurin sussuka da shanya da daka da niƙa ta shiga. Wanda bai san yadda ake sarrafa gero daga zangarniya zuwa fura ba, ba zai san inda zai ɗora na'urarsa ba.

Haka kuma ba a shiga gidan mutum da na'ura kawai. Ƙauyuka ne da ake kulle, namiji baƙo iyakarsa zaure. Sai da sarakuna da hakimai da dagatai suka sa baki, masu gida suka yarda, aka kuma haɗa da mata a cikin masu wayar da kai, domin uwar ɗaki ita ce ta san inda aka daka, da inda aka shanya, da inda yaro ke yini. Sarakunan ne kuma suka ba da umarnin a fitar da injinan niƙa dutse daga cikin gari, kuma wannan umarni kaɗai ya rage ƙurar da yara ke shaƙa tun kafin a kai fartanya ƙasa.

An fara da Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum a watannin Yuni da Yuli na 2010, ana tsere da ruwan sama, har hanyoyi suka yanke. Bayan damina, daga Oktoba na 2010 zuwa Maris na 2011, da taimakon kuɗin Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yi Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza.

Bagega

Saura Bagega, wadda ta fi su duka girma, kuma a gefenta akwai babban filin da ake sarrafa dutse. A nan kuɗi ya ƙare. Yara kimanin 1,500 suna jiran magani, likita na jiran injiniya, injiniya na jiran gwamnati. A watan Mayu na 2012 an yi taro a Abuja kan lamarin, ana maganar naira miliyan 850 da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari, amma ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba, kuma kuɗin bai fito ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi ta magana, wasu matasan Nijeriya ƙarƙashin jagorancin Hamzat Lawal suka ta da gangamin neman a ceci Bagega. Sai a ƙarshen Janairu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kimanin dala miliyan 4. Aka yi aikin a cikin wannan shekarar, likitoci suka shiga. Kusan shekara biyu ke nan yaran garin suna kwana suna tashi a kan ƙasar da kowa ya san abin da ke cikinta, kuma ba don an rasa sanin yadda za a yi ba, tunda ga ƙauyuka bakwai an riga an gama.

Rahoton da Simba Tirima da abokan aikinsa suka buga a 2016 ya tattara lissafin aikin duka. An kwashe ƙasa da tarkacen dutse fiye da mita 27,000 na murabba'in tsawo da faɗi da zurfi, daga gidaje da wuraren niƙa 820, a ƙauyuka takwas. Dalmar ƙasar da mutane ke cuɗanya da ita ta ragu da kashi 89 cikin 100. Yara 2,349 sun sami damar shan magani. Matsakaicin awon jinin yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa ya sauko daga 149 zuwa 15 a cikin shekara huɗu. Ko 15 ɗin ba lafiya ba ce, kamar yadda muka faɗa a baya, amma yaro mai 15 ba ya taune-taune.

Abin da ya biyo baya

A 2015 abin ya sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, a yankin Shikira, inda yara 28 suka rasu, ta hanya iri ɗaya: dutse, turmi, tsakar gida. Can ma sai da aka jira kuɗi kafin a tsabtace ƙauyukan a 2016. A Zamfara kuwa an ga cewa gidan da aka tsabtace yana iya sake gurɓata, domin buhu ɗaya na dutse da aka shigo da shi a ɓoye, ko rigar mahaƙi da ya dawo gida bai sauya ba ya ɗauki ɗansa, ya isa ya mai da awo sama. Wannan ne ya sa masanan suka karkata ga koya wa mahaƙa hanyoyin rage haɗari, watau a riƙa fesa ruwa lokacin niƙa don kada ƙura ta tashi, a yi wanka a sauya tufafi a bakin aiki, a ware turmi da buhun abinci daban. Hujjarsu ita ce, hana mutumin da ba shi da wata sana'a haƙa ba ya tsai da haƙar, sai dai ya mai da ita cikin ɗaki, inda na'ura ba ta gani, yaro kuwa yana nan.

A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, amma dalilinta tsaro ne, saboda 'yan bindiga, kuma rashin tsaron nan ya sa zuwa ƙauyukan don sake awo ya yi wuya. MSF ta miƙa aikin jinyar ga hukumomin jihar a 2022, bayan fiye da shekara goma. A watan Disamba na 2024 aka ɗage haramcin haƙar.

Yaran da suka sha magani a Anka da Bukkuyum a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata. Ƙwayar DMSA tana fitar da dalma daga jini, amma ba ta gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu, saboda haka a cikinsu akwai waɗanda suka rasa gani, da waɗanda gaɓoɓinsu suka shanye, da waɗanda karatu ke yi wa wuya. Wani kaso na dalmar kuma yana kwance a cikin ƙashinsu, inda yakan yi shekaru da dama, kuma likitoci sun tabbatar yana iya sake fitowa cikin jinin mace in ta sami ciki, ya kai ga ɗan da ke cikinta.